Shigeru Yoshida: Firaministan da ya sa Japan ta cika rumbu kafin ta sayi bindiga

A watan Disamba na 2022 gwamnatin Japan ta sanar da cewa za ta kashe yen tiriliyan 43, wato sama da dalar Amurka biliyan 300 a canjin lokacin, a kan harkar tsaro cikin shekara biyar. Ta ce za ta ninka kason da take ware wa soja, daga kusan kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara zuwa kashi 2, sannan ta mallaki makamai masu linzami da za su iya kaiwa har cikin ƙasar abokan gaba.

Da wata ƙasa ce daban, da labarin bai wuce kwana biyu a bakin mutane ba. Amma Japan ce, ƙasar da kundin tsarin mulkinta ya haramta mata yaƙi tun 1947, har ya ce ba za ta riƙe sojan ƙasa ko na ruwa ko na sama ba.

Mu a nan mun fi sanin Japan ta hanyar Toyota Hilux da babura irin su Honda da Suzuki da Yamaha. Manoman Gagarawa da Sule Tankarkar da 'yan kasuwar Maigatari kuma suna da wata alaƙa da ita, domin Japan na cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya. Wannan ƙasa ta masana'antu da ciniki, mai soja amma ba ta kiransa soja, mutum guda ne ya fi kowa tsara mata hanya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ne Shigeru Yoshida, wanda ya yi firaminista daga 1946 zuwa 1947, ya sake yi daga 1948 zuwa 1954.

Ɗan fursuna, magajin attajiri

An haifi Yoshida ranar 22 ga Satumba, 1878. Mahaifinsa, Tsuna Takeuchi, ɗan siyasa ne mai adawa da gwamnati, kuma a shekarar da aka haifi yaron hukuma ta kama shi bisa zargin haɗa baki wajen yi wa gwamnati tawaye.

A 1881 wani abokin mahaifin nasa, attajiri a birnin Yokohama mai suna Kenzo Yoshida, ya karɓi riƙon yaron ya ba shi sunan gidansa. Kenzo ya yi aiki da kamfanin Turawan Ingila na Jardine Matheson kafin ya kafa nasa kasuwancin. Ya rasu a 1889, ya bar wa yaro ɗan shekara 11 dukiya mai yawa.

Waɗanda suka rubuta tarihinsa suna danganta halinsa da wannan tasowa. Bai taɓa neman abin sa wa a baki a hannun kowa ba, don haka bai iya lallashi ba. Ya kuma tashi a gidan da ake ganin girman Ingila, tsibirin da ya yi ƙarfi ta hanyar jiragen ruwa da ciniki.

Ya kammala karatun shari'a a babbar jami'ar Tokyo a 1906, ya shiga ma'aikatar harkokin waje a shekarar. A 1909 ya auri Yukiko, 'yar Nobuaki Makino, wani babban jami'i wanda daga baya ya zama na hannun daman Sarkin Japan. Auren ya buɗe masa ƙofar fada.

Jakadan da sojoji ba sa so

Yoshida ya yi mafi yawan aikinsa na farko a Chaina, a birane irin su Tianjin da Mukden da ke yankin Manchuria. Ya bi surukinsa zuwa taron sulhu na Paris a 1919, ya riƙe muƙamin mataimakin ministan harkokin waje daga 1928, daga nan aka tura shi jakada a Italiya.

A waɗannan shekaru ba wanda zai kira shi mai ƙin yaƙi. Ya yarda Japan na da haƙƙi a Manchuria, ya kuma sha ba da shawarar a nuna wa shugabannin yankin ƙarfi. Inda ya raba gari da hafsoshin soja shi ne kan wa za a yi abota da shi. Shi yana ganin tsibirin da ba shi da man fetur ko ƙarfe, wanda rayuwarsa ta rataya a kan teku, bai kamata ya yi gaba da Ingila da Amurka masu iko da tekun ba. Hafsoshin kuwa hankalinsu ya karkata ga Jamus ta Hitila.

A ranar 26 ga Fabrairu, 1936, wasu ƙananan hafsoshi suka yi yunƙurin juyin mulki a Tokyo, suka kashe manyan jami'an gwamnati. Surukinsa Makino na cikin waɗanda aka kai wa hari, ya tsira da ƙyar tare da jikarsa Kazuko, 'yar Yoshida. Da aka zo kafa sabuwar gwamnati aka sa sunan Yoshida a matsayin ministan harkokin waje, sojoji suka ce ba su yarda ba. Sai aka tura shi Landan jakada, ya yi ta ƙoƙarin ɗinke ɓaraka tsakanin ƙasashen biyu bai yi nasara ba. Ya yi ritaya a 1939.

Ƙasa ta zama toka

Yaƙin da Yoshida ya ji wa tsoro ya zo a Disamban 1941, lokacin da Japan ta kai wa Amurka hari a Pearl Harbor ta kuma afka wa yankunan da Ingila ke mulka a Asiya. Wannan yaƙi ya taɓa gidajenmu. Dubban 'yan Najeriya, da yawansu Hausawa, sun yi faɗa da sojojin Japan a dazuzzukan Burma, wadda tsofaffi ke kira Boma, a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sunayen barikin Chindit a Zariya da na Arakan da Myohaung a Legas duk daga can suka samo asali.

Yoshida ya shafe shekarun yaƙin ba shi da muƙami, yana ganawa a ɓoye da wasu dattawa masu neman a tsayar da faɗan. Ya taimaka wa tsohon firaminista Fumimaro Konoe wajen shirya takardar da ya gabatar wa Sarki Hirohito a Fabrairun 1945, wadda ta nuna cewa an riga an sha kashi. A watan Afrilu 'yan sandan soja suka kama shi, ya yi kimanin kwana 40 a tsare.

Da Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945, bayan bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, ta yi asarar mutane kimanin miliyan 3. Manyan biranenta sun ƙone, jiragen kasuwancinta sun nutse, sama da mutum miliyan 6 na kan hanyar dawowa gida daga ƙasashen da ta mamaye, ga yunwa. Sojojin Amurka ƙarƙashin Janar Douglas MacArthur suka karɓi ragamar ƙasar, suka rushe rundunar sojan ƙasa da ta ruwa baki ɗaya.

Zaman kurkukun nan ya zame wa Yoshida shaida. A lokacin da ake korar dubban manya daga aiki saboda hannunsu a yaƙi, shi sunansa ya fita fes. A Satumban 1945 aka naɗa shi ministan harkokin waje.

Kujerar aro

A zaɓen Afrilun 1946 jam'iyyar Ichiro Hatoyama ce ta fi yawan kujeru. Ana gab da naɗa Hatoyama firaminista Amurkawa suka haramta masa riƙe muƙami. Ya nemi Yoshida ya riƙe masa jam'iyya. Yoshida ya gindaya sharuɗɗa: ba zai nemo wa jam'iyya kuɗi ba, shi zai zaɓi ministocinsa, kuma zai sauka ranar da ya ga dama. Mutanen Hatoyama sun ce akwai alkawarin zai mayar da kujerar idan mai ita ya dawo. Wannan magana ta zama tushen gabar da ta kayar da shi shekara takwas bayan haka.

Ya zama firaminista ranar 22 ga Mayu, 1946, yana da shekara 67. Aikinsa na farko shi ne roƙon MacArthur hatsi, na biyu kuma kare sabon kundin tsarin mulki a majalisa.

Sashe na 9

Jami'an Amurka ne suka rubuta daftarin kundin cikin kusan mako guda. A gidan Yoshida, yana ministan harkokin waje, suka miƙa shi ranar 13 ga Fabrairu, 1946. Bai so shi ba. Ya karɓa ne saboda ya fahimci cewa ta haka ne kawai za a bar Sarki a kan gadonsa.

Sashe na 9 na kundin ya ce al'ummar Japan ta bar yaƙi har abada a matsayin hanyar warware rikici da wata ƙasa, kuma ba za ta riƙe rundunar yaƙi ba. A Yunin 1946 wani ɗan majalisa na jam'iyyar kwaminis, Sanzo Nosaka, ya nemi a bar wa ƙasar damar yaƙin kare kai. Yoshida ya ƙi, ya nuna cewa yawancin yaƙe-yaƙen da aka yi a baya, har da na Japan, da sunan kare kai aka fara su. Kundin ya fara aiki ranar 3 ga Mayu, 1947.

Jama'a sun karɓi sashen hannu biyu. Matan da suka rasa mazaje da 'ya'ya, da ƙungiyoyin ƙwadago da na malaman makaranta, sun ɗauke shi a matsayin alkawarin cewa ba za a sake aika 'ya'yansu su mutu ba.

Faɗuwar wani, tashin wani

Yoshida ya faɗi zaɓen 1947, ya dawo mulki a Oktoban 1948, jam'iyyarsa ta lashe kujeru 264 cikin 466 a Janairun 1949. Kafin nan duniya ta sauya. Amurka da Tarayyar Sobiyat sun shiga yaƙin cacar baka, 'yan kwaminis na gab da karɓe Chaina. Washington ta daina kallon Japan a matsayin maƙiyin da za a kassara, ta fara kallonta a matsayin katangar da za a gina.

A 1949 wani ma'aikacin banki daga Amurka, Joseph Dodge, ya zo da tsarin tsuke bakin aljihu. Aka tsayar da canji a kan yen 360 kowace dala, aka sallami dubban ma'aikata. Hauhawar farashi ta lafa, amma kasuwa ta mutu. Kamfanin Toyota ya kusa durƙushewa a farkon 1950, har wanda ya kafa shi, Kiichiro Toyoda, ya sauka bayan doguwar taƙaddama da ma'aikata.

Ana cikin haka yaƙin Koriya ya ɓarke ranar 25 ga Yuni, 1950. Sojojin Amurka suka mayar da Japan wurin sayayya da gyaran kayan yaƙi: motocin ɗaukar kaya, barguna, buhunan yashi, waya, ƙarfe. Cikin shekara uku da rabi cinikin ya haura dala biliyan 2. Odar manyan motoci ce ta farfaɗo da Toyota.

Amma yaƙin ya zo da wani abu. Da aka kwashe sojojin Amurka zuwa Koriya, Japan ta zama ba mai gadi. Ranar 8 ga Yuli MacArthur ya rubuto wa Yoshida takarda yana umartar a kafa rundunar mutum 75,000. Aka sa mata suna 'Yan Sandan Ko-ta-kwana. A barikin da Amurkawa suka bari suke kwana, da bindigogin Amurka suke atisaye. Janar ɗin da jami'ansa suka rubuta haramcin soja, shi ne ya ba da umarnin dasa ƙwayar sabon soja.

Akwai wani ɗan labari da ya shafi hanyoyinmu. Don wannan runduna Toyota ta ƙera wata ƙaramar mota mai shiga ko'ina a 1951. Ba ta samu kwangilar ba, Mitsubishi aka ba. A 1954 Toyota ta sa wa motar suna Land Cruiser.

Ciniki da Dulles

A ƙarshen Janairun 1951 wakilin shugaban Amurka, John Foster Dulles, ya sauka Tokyo don shirya yarjejeniyar da za ta kawo ƙarshen mamaya. Buƙatarsa a fili take: in Japan na son 'yanci, ta kafa babbar runduna ta shiga sahun masu tare kwaminisanci.

Yoshida ya turje. Ya kawo hujjar cewa tattalin arzikin ƙasar ba zai ɗauki nauyin ba, kuma talakan da aka matsa wa da haraji shi ne zai rungumi kwaminisanci. Ya ce maƙwabta irin su Filifins da Ostareliya ba su manta abin da sojan Japan ya yi musu ba. Ya ce tsofaffin hafsoshi na nan suna jiran ƙofa. Daga ƙarshe ya ɗaga kundin da Amurkawa suka rubuta da hannunsu ya ce shi ya ɗaure shi. Masana tarihi sun rubuta cewa har saƙo ya aika a asirce ga 'yan adawa na jam'iyyar gurguzu, yana ƙarfafa musu gwiwa su yi gangamin ƙin ɗaukar makami, don Dulles ya gani da idonsa.

Duk da haka bai tashi ba tare da ya ba da wani abu ba. A farkon Fabrairu ya miƙa wa Amurkawa takardar sirri mai alkawarin kafa rundunar tsaro ta mutum 50,000. Jama'ar Japan ba su san da wannan ba sai bayan shekaru masu yawa.

An ci gaba da jan wannan ciniki. A Oktoban 1953 ya aika na hannun damansa, Hayato Ikeda, zuwa Washington. Amurka ta nemi sojan ƙasa 325,000, Ikeda ya tsaya a kan 180,000.

Kuɗin inuwa

Ranar 8 ga Satumba, 1951, ƙasashe 48 suka sa hannu tare da Japan a kan yarjejeniyar zaman lafiya a birnin San Francisco. Daga Afirka akwai Masar da Habasha da Laberiya da Afirka ta Kudu. Tarayyar Sobiyat ta ƙi sa hannu, Chaina kuma ba a gayyace ta ba.

Da yammacin ranar aka sa hannu a kan yarjejeniya ta biyu, ta tsaro tsakanin Japan da Amurka. A ɓangaren Japan Yoshida kaɗai ya sa hannu. Ya hana abokan tafiyarsa, saboda ya san takarda ce da za ta jawo wa ɗan siyasa baƙin jini.

Ya san abin da ke ciki. Amurka ta samu damar ajiye sojojinta a Japan ba tare da wa'adi ba, har da damar taimakawa wajen murƙushe tarzoma a cikin gida idan gwamnati ta nema, amma ba a rubuta ƙarara cewa dole ta kare Japan ba. An yanke tsibiran Okinawa an bar su a hannun Amurka har 1972. An kuma tilasta wa Yoshida ya ƙulla hulɗa da gwamnatin Taiwan maimakon ta Beijing, duk da ya san kasuwar Chaina ciki da waje. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Irin wannan lissafi ba baƙo ba ne ga wanda ya san tarihin Gumel. A ƙarni na 19 masarautar na zaune tsakanin Kano da Haɗeja da Damagaram, duk sun fi ta yawan dawaki. Ta fake a inuwar Barno, tana kai gaisuwa Kukawa, ta haka ta tsira ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato ba. Amma inuwar ba ta hana yaƙe-yaƙe da Haɗeja ba, kuma a ƙarshen ƙarnin, lokacin da Barno ta raunana har Rabeh ya rusa Kukawa a 1893, hare-haren Damagaram sun ɗaiɗaita garuruwa da dama. Mai fakewa a inuwar wani kullum idonsa na kan lafiyar bishiyar.

Sojan da ba a kiransa soja

Japan ta samu 'yanci ranar 28 ga Afrilu, 1952. A Oktoban shekarar aka sauya wa 'Yan Sandan Ko-ta-kwana suna, aka ƙara yawansu zuwa 110,000. Ranar 1 ga Yuli, 1954 aka kafa Rundunar Kare Kai, mai ɓangaren ƙasa da na ruwa da na sama.

Mutumin da ya ce a 1946 ko yaƙin kare kai an haramta, yanzu shi ne ke gaya wa majalisa cewa rundunar ba ta kai ƙarfin da kundi ya hana ba. Har kalmomi aka sauya. Shekaru da dama ana kiran tankar yaƙi mota ta musamman, kuma har yau sojan ƙafa sunansa sashen gama-gari a hukumance. 'Yan adawa sun kira wannan yaudara, kuma da wuya a ce ba su da hujja.

Abin da bai yi sassauci a kai ba shi ne wa zai riƙe linzamin rundunar. Wasu jami'an leƙen asirin Amurka sun so a ba Kanar Takushiro Hattori, tsohon hafsan da ya yi aiki da firaministan zamanin yaƙi Hideki Tojo. Yoshida ya ƙi. Aka ba wani ma'aikacin gwamnati farar hula, Keizo Hayashi. Da aka buɗe makarantar horar da hafsoshi, malamin jami'a ya sa aka naɗa ya shugabance ta. Wanda sojoji suka hana minista a 1936 suka kuma kulle a 1945 bai manta ba.

Yadda ya faɗi

Yoshida gajere ne, ba ya rabuwa da sigari mai kauri, kuma ba ya ɓoye raininsa ga 'yan jarida da 'yan majalisa. Jama'a sun sa masa laƙabi mai nufin mai yanke hukunci shi kaɗai. Ya taɓa watsa wa mai ɗaukar hoto ruwa a bainar jama'a.

A Fabrairun 1953, ana zaman kwamitin kasafin kuɗi, ya yi ƙunƙuni ya kira wani ɗan adawa wawa, makirufo ya ɗauka. Maganar ta kai ga ƙuri'ar yanke ƙauna da rushe majalisa. Ya dawo amma ba shi da rinjaye. A 1954 badaƙalar cin hanci ta kamfanonin ƙera jiragen ruwa ta taso, ministansa na shari'a ya hana a kama sakataren jam'iyya Eisaku Sato, jama'a suka fusata.

Hatoyama, wanda aka ɗage wa takunkumi tun 1951 amma Yoshida ya hana shi kujerarsa, ya haɗa kai da masu son a gyara kundi a kafa soja na sosai. A Disamban 1954 Yoshida ya sauka, Hatoyama ya hau.

Almajirai sun ci gaba da karatu

Waɗanda suka kayar da shi ba su iya kayar da tsarinsa ba. Gyaran kundi na buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun biyu da ƙuri'ar raba gardama, kuma Hatoyama bai samu ba. Nobusuke Kishi ya gyara yarjejeniyar tsaro a 1960, ya sa aka rubuta cewa Amurka za ta kare Japan, amma zanga-zangar da ta biyo baya ta ci kujerarsa.

Daga nan mulki ya koma hannun ma'aikatan gwamnatin da Yoshida ya jawo cikin siyasa. Ikeda ya hau a 1960 da alkawarin ninka kuɗin shigar jama'a cikin shekara goma, aka cimma burin kafin wa'adin. Sato ya biyo shi daga 1964 zuwa 1972. A 1968 tattalin arzikin Japan ya wuce na Jamus ta Yamma. A 1976 gwamnati ta sa ƙa'idar cewa kuɗin tsaro ba zai wuce kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa ba.

Kuɗi da injiniyoyin da a da za su tafi ga jiragen yaƙi sun koma ga ƙarfe da jiragen kasuwanci da motoci da rediyo. Ko diyyar yaƙi, wadda Yoshida ya fara sasantawa da Burma a 1954, da kaya da ayyuka aka biya ta, abin da ya buɗe wa kamfanonin Japan kasuwannin Asiya.

Shi kansa dattijon, yana zaune a gidansa na Oiso a bakin teku inda firaministoci ke zuwa neman shawara, ya fara nuna damuwa. A wani littafi da ya fitar a 1963 ya nuna cewa ƙasar da ta yi arziki bai kamata ta ci gaba da jingina tsaronta ga wata ba. A wurinsa dabarar ta lokacin talauci ce. Almajiransa ne suka mayar da ita aƙida.

Ya rasu ranar 20 ga Oktoba, 1967, yana da shekara 89. Gwamnati ta yi masa jana'izar ƙasa, abin da ba a sake yi wa wani tsohon firaminista ba sai Shinzo Abe a 2022. Jikansa Taro Aso ya yi firaminista daga 2008 zuwa 2009.

Bashin da ya bari

Masu yabonsa suna cewa ya karɓi ƙasa tana toka ya bar ta a kan hanyar arziki, kuma tun 1945 sojan Japan bai shiga yaƙi da wata ƙasa ba. Masu sukarsa daga dama suna cewa ya mayar da Japan 'yar amshin shatar Amurka. Na hagu kuma suna cewa shi ya koya wa 'yan siyasa yadda ake lanƙwasa kundi ba tare da an tambayi jama'a ba. Mutanen Okinawa, waɗanda yankinsu bai kai kashi 1 cikin 100 na faɗin ƙasar ba amma yake ɗauke da kusan kashi 70 na filayen sansanonin Amurka, har yau ba sa ganin 28 ga Afrilu a matsayin ranar murna.

Tsarin ya fara tsagewa a yaƙin Tekun Fasha na 1991. Japan ta ba da dala biliyan 13 amma ba ta aika soja ba, da Kuwait ta buga godiya a jaridun Amurka babu sunanta a jerin. A 1992 aka yi dokar tura dakaru aikin kiyaye zaman lafiya. A 2011 ta buɗe sansani a Jibuti, daga 2012 zuwa 2017 sojojinta injiniyoyi suka yi aiki a Sudan ta Kudu. A 2015 gwamnatin Abe, jikan Kishi, ta yi dokokin da suka ba rundunar damar taimaka wa ƙawa idan an kai mata hari. Ƙarfin Chaina da makaman Koriya ta Arewa da mamayar Rasha a Ukraine suka ƙarasa sauran. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wanda ya sanar da shirin yen tiriliyan 43, Fumio Kishida, a lokacin shi ne shugaban ɓangaren jam'iyya da Ikeda ya kafa a 1957, wato jikan Yoshida ne a siyasa. Tambayar da Yoshida ya yi wa Dulles ita ce ta dawo masa: wa zai biya? Bashin da ke kan gwamnatin Japan ya ninka arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu. Kusan kashi 30 cikin 100 na jama'arta sun kai shekara 65, kuɗin fansho da asibiti na ƙaruwa, maganar ƙarin haraji don makamai ta raba kan jam'iyya mai mulki. Matasan da za su sa kaki ma sun yi ƙaranci, domin a 2023 rundunar ta samu kusan rabin sababbin kuratan da take nema ne kawai.

Rundunar Kare Kai tana da sama da mutum 200,000 a yau, da jiragen yaƙi na zamani da na ƙarƙashin teku. Sashe na 9 kuwa, wanda Yoshida ya karɓa ba da son ransa ba ya kuma yi garkuwa da shi, har yanzu ba a canja masa ko harafi ɗaya ba.